Wayar Ɗan Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi aure ta fito, ta sake yi ta fito, daga nan ta ce ya ishe ta. Ta dawo gidanmu na Ƙofar Wambai ta zauna a ɗakin da ke kusa da rijiya, tana dama fura tana sayarwa. Da matar Baffa, ɗan'uwan mahaifinmu, ta rasu ta bar jariri ko zama bai fara ba, Goggo aka miƙa wa shi. Ni a lokacin na yi wayo, ina firamare, kuma ina tuna yadda ta karɓe shi, ta juya ta shige ɗaki. Tun daga ranar unguwa ta manta ɗan Baffa ne, kowa ɗan Goggo yake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Abu guda Goggo ta roƙa a wurinsa duk tsawon rayuwarta. A wajen wani biki ne wata mai baƙin baki ta taɓa ce mata, a gaban mata, "Ke da ba ki da ɗa, wa zai sa ki a kabari?" Maganar ta zauna mata. A wajenmu mace 'yan'uwanta maza ne ke saukar da ita kabari, kuma wajen kai na ɗanta ne idan tana da shi. Wadda ba ta da ɗa sai a duba wanda ya fi kusa ya taimaka. Goggo ba ta son taimako. Tun yaron yana rarrafe take gaya masa, ta gaya masa ranar da ya sauke Alƙur'ani, ta gaya masa ranar aurensa: "Ni ba na son gidanka, ba na son motarka. Ranar da na mutu kai za ka riƙe kaina ka kwantar da ni da hannunka." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Goggo ke nan, sai kin ga jikokin jikoki."

Kada in ci zalinsa, ba mugun yaro ba ne. Ya yi karatu, ya samu aiki, ya zama na hannun daman wani babban mutum da ɗan Goggo ba ya kiransa da komai sai Oga, ya gina gida a Fadaman Mada. Shinkafa ba ta yanke wa Goggo ba, magani ma haka. Ya so ya ɗauke ta ta koma gidansa, ita ce ta ƙi, ta ce ba za ta zauna inda maƙwabci bai san tarin maƙwabcinsa ba. Abin da na raina a wurinsa guda ɗaya ne, kuma har gobe na raina shi: wayarsa.

Mu da muka ga zuwan waya garin nan mun san yadda abin ya faro. A da, ƙanƙantar waya ita ce alamar arziki. Mutum zai zaro 'yar mitsitsiya daga aljihun gaba, ya yi magana, ya mayar, ba ka ma san tana jikinsa ba. Sannu a hankali ta fara faɗi, aka ce don a ga hoto da kyau. Ta yi tsawo, aka ce don karatu. Sai ta fara kauri, wannan kuma har yau ban ji wanda ya ba ni dalili mai kama hankali ba. Tawa 'yar ƙarama ce mai tocila, tana kwana uku ba ta nemi wuta ba, kuma ban taɓa rasa ɗaurin aure ko jana'iza saboda ita ba.

Ta ɗan Goggo irin mai ninkewa ce, a buɗe ta kamar littafi. A ninke kaɗai ta isa kauri. Bai bar ta haka ba, ya sa mata rigar roba mai tudu a kusurwoyi don kada ta fashe. Da ya ga ba ta kai yamma da caji, sai ya manna mata wani batir a baya. A bayan batirin kuma ya liƙa zobe na sa yatsa. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse sandar sabulun wanki aka aike shi ya sayo.

Abin dariyar shi ne, a shekarun da waya take ƙiba, a shekarun ne riga take ramewa. Samarin yanzu da manyan da suka ƙi yarda sun girma duk sun koma ɗinki tsukakke, kaftani kamar an shafa shi a jiki, wando kamar na 'yan ƙwallo. Aljihun irin wannan riga ko goro biyu ka zuba sai kowa ya ƙirga su. To ina za a sa sandar sabulu? Sai hannu. Haka suke yawo, manya-manyan mutane masu gemu da iyali, kowa da kayansa a hannun hagu, kamar an ba su ajiyar da aka hana su saukewa.

Hannun da waya ta ci kuwa ya tafi ke nan. Mu an koya mana gaida babba da hannu biyu, karɓar abu da hannu biyu. Ɗan Goggo sai ya miƙo maka 'yan yatsun dama, hagu tana can sama tana gadi. A masallaci yakan ajiye ta a gabansa daidai inda goshinsa zai sauka, don idonsa ya kasance a kanta, har nakan rasa wa ake yi wa sujadar, Allah na tuba. In muka zauna cin tuwo a zaure yakan ɗora ta a cinya, ya ci rabin loma ya dafa ta da gwiwar hannu kada ta zame. Durƙuso ma ya gagara. Sau ɗaya ya cusa ta a aljihun wando ya zo zai durƙusa gaban Goggo, wayar ta tokare shi a cinya, ɗinki ya ce ɓarak. Daga ranar ya koma gaishe ta a tsaye, ya ɗan rusuna kamar mai leƙa tukunya. Ita kuwa ba ta ganin laifinsa. In na yi magana sai ta ce, "Ƙyale shi, aiki ne ya yi masa yawa."

Na taɓa tare shi da maganar a zaure. A gidanmu Hamma ake kiran wa, don haka ya ce, "Hamma, ba za ka gane ba ne. Wannan ba waya ba ce kawai, ofishi ne gaba ɗaya."

Na ce, "To ai ofishi gini ne, a wuri ɗaya ake barinsa a tafi gida. Kai ka ɗauko naka kana yawo da shi kamar kunkuru."

Ya ce, "Duniya ta ci gaba, Hamma."

Na ce, "Na gani. Ta ci gaba har ta kai mutum ba ya iya sosa ƙeyarsa."

Ya yi dariya, don shi ba ya fushi da ni, ya ɗauke ni tsohon malamin firamare da zamani ya wuce ya bari. Ni kuma abin da nake ƙoƙarin gaya masa bai shige shi ba. Wayar da ke shiga aljihu ana iya manta ta, mutum ya yi awa guda yana mutum. Wadda ta ƙi aljihu kuwa ita ke riƙe da mai ita.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara ɓata lamarin. Wayarsa ta baya, wadda ba ta kai wannan kauri ba, an zare masa ita daga aljihu a cunkoson wani ɗaurin aure. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga nan duk taron mutane ya zama masa taron ɓarayi. Ko matarsa ba ya ba wa ta riƙe sai in wanka zai shiga.

Ciwon Goggo na ƙarshe da damina ya zo. Ta kwanta, ta daina cin abinci sai kunu, kowa ya san inda aka dosa. Wadda ke zama da ita kullum ita ce Inna, tsohuwar gidan da ke jikin namu, ƙawarta tun suna 'yan mata. Idon Inna ya daɗe da mutuwa, da hannu take gane mutane, in ka gaishe ta sai ta lalubo fuskarka ko kafaɗarka. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka shiga duba Goggo ni da ɗanta. Ta miƙo hannuwanta biyu tana neman nasa. Ya ba ta na dama. Ta riƙe shi da nata biyun, ta ce, "Ka tuna alkawarina?"

Ya ce, "Goggo, ki daina irin wannan maganar, za ki tashi."

Ta ce, "Ba tashi na tambaye ka ba. Ka tuna?"

Ya ce, "Na tuna. Ni zan sa ki, in Allah ya yarda."

Ta juya wajen Inna ta ce, "Kin ji ko? Mu mata ba a zuwa da mu maƙabarta. Idan sun dawo ki tambaya min."

Inna ta ce, "Na ji. Zan tambaya."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Da bayan hannun da ke riƙe da wayar ya share hawayen.

Da hantsi Goggo ta cika, ranar wata Talata. An kwana ana ruwa, gari ya yi laushi, kuma tun kafin mata su gama yi mata wanka wani hadarin ya sake haɗowa ta bayan duwatsu. Aka yi mata sutura, aka fito da ita ƙofar gida, aka yi salla. Ɗan Goggo ya zo cikin farar shadda irin ɗinkin nasu, idonsa jajur. Kafin a ɗaga makara na ja shi gefe na ce, "Miƙa wa matarka wayar nan ta ajiye maka a cikin gida."

Ya ce, "Hamma, mutane na ta kira suna tambayar hanya. Oga ma ya ce zai kira."

Na ce, "Wanda bai san hanyar maƙabarta ba wata rana za a kai shi."

Ban ƙara ba, don ba ranar faɗa ba ce. Ya sa kafaɗa a makara kamar kowa, hannu ɗaya a itacen makara, ɗaya a wayar. Wannan ya yiwu, don makara mutane da yawa ke ɗauka, in hannunka ya yi sanyi na wani ya cike.

Kabari ba haka yake ba. Wanda bai taɓa sa gawa ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Akwai rami na sama mai faɗi, a cikinsa kuma akwai matsattse wanda gawar za ta kwanta. Mai sa gawa sai ya sauka ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ya tallafo da hannu biyu, ya sunkuya har ƙirjinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya kwantar da ita a gefen dama tana fuskantar alƙibla. Idan mace ce ana shimfiɗa zane a sama, mutane su riƙe gefe-gefe don sutura. Ni ina cikin masu riƙe zanen. Ƙanena na ciki ɗaya ya sauka wajen ƙafafu. Wajen kai aka bari, kowa ya san na wane ne.

Liman ya ce, "Ina ɗanta?"

Ya matso. Sai a lokacin ya dubi hannunsa kamar yau ya fara ganin abin da ke ciki. Ya gwada aljihun gaba, ko kusurwarta ba ta shiga ba. Ya gwada na gefe, ta shiga rabi ta tsaya, da ya ɗaga ƙafa zai sauka ta fara zamewa, ya cafke. Ya duba ƙasa, ko'ina taɓo. Ya dube ni, hannuwana biyu suna kan zane. Ya dubi sauran 'yan'uwa, wasu na riƙe da zane, wasu na tallafe da Goggo a bakin kabari suna jiransa. Masu hannu a sake duk mutanen unguwa ne da bai sani ba, ko ya sani ya manta, sai ya shiga bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka bar sana'arsu suka tako cikin taɓo don su raka uwarsa, su yake tantancewa ya ga wane ne ba ɓarawo ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Wani dattijo cikin masu haƙa kabari ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in riƙe maka, Alhaji."

Hannun duk jar ƙasa ce har gwiwar hannu. Ɗan Goggo ya dubi hannun, ya dubi wayar, ya ce, "Ina zuwa."

Abokan aikinsa suna can nesa ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, inda ƙasa ta ɗan bushe, suna kare takalmansu. Wajensu ya nufa. Ba gudu ake yi a maƙabarta ba, kuma ba a taka kabari, sai ya shiga zagaye yana tsallake-tsallake, yana ɗage ƙafar wando. Muna tsaye muna kallon bayansa. Na buɗe baki in kira shi in ce ya jefar da tsiyar a ƙasa, sai na ji muryata ba za ta fita da ladabin wurin ba, na fasa.

Liman ya jira. Ya jira fiye da yadda na zata zai jira, don ya san Goggo, ya kuma san maganarta. Sai iska ta taso, zanen ya fara fizga a hannunmu, yayyafi ya sauko. Na ga ɗigon ruwa yana sauka a kan likkafani, na ga wani siririn ruwa ya fara gangarawa cikin ramin. Masu tallafe da ita suka fara gajiya. Na ɗaga kai na hango shi, ya isa wajen bishiyar, yana nuna wa abokinsa wani abu a jikin wayar, ina jin yadda zai amsa ne in Oga ya kira.

Liman ya ce a hankali, "Gawa ba ta jira, jama'a. Wani ya karɓi kan."

Ba wanda ya motsa. Liman ya dube ni. Na miƙa wa na kusa da ni gefen zanen, na cire takalmi, na sauka. Na durƙusa cikin taɓo na karɓi kan Goggo, muka kwantar da ita, na gyara mata fuska wajen alƙibla, na sassauta ƙullin likkafani. Na yi abin da ya kamata, amma ina yi ina jin kamar kayan wani nake ɗauka. Ba ni ta roƙa ba. Ni ina da uwa, na kuma sa ta da hannuna. Wannan wurin ba nawa ba ne.

Da ɗan Goggo ya dawo an riga an jera itace an fara sa ganye. Ya tsaya a bakin kabarin, hannuwansa biyu a sake, abin da na yi shekaru ban gani ba. Ya ce, "Hamma," bai ƙara komai ba. Ban dube shi sau biyu ba. Ya sunkuya daga tsaye ya ɗebi ƙasa ya zuba kamar yadda kowane baƙo ya zuba. Aka yi addu'a a gurguje, ruwa ya kece, aka watse. Kafin mu kai bakin hanya wayar ta koma hannunsa, ya tura ta ƙarƙashin riga yana kare ta daga ruwa.

A hanya ya matso kusa da ni ya ce, "Wallahi da an ƙara min ɗan lokaci kaɗan." Daga baya kuma na ji yana gaya wa wani cewa laifin tela ne da bai yi masa aljihun kirki ba. Ban tanka ba. Raini in ya kai wani wuri ba ya bukatar magana.

Da muka isa gida maza suka zazzauna a zaure da rumfar ƙofar gida. Mu na jiki muka shiga ciki don mu yi wa mata gaisuwa. Suna cike da ɗakin Goggo har baranda. Inna na zaune a bakin gadon, inda ta saba zama. Da ta ji muryoyinmu ta ce, "Kun dawo? Ina ɗan Goggo? Matso nan."

Ya matsa ya tsaya a gabanta.

Ta ce, "An sa ta?"

Ya ce, "An sa ta, Inna."

Ta ce, "Wa ya riƙe kan?"

Ya ce, "Mu muka sa ta, Inna."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Inna ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon ba fuska ta nema ba. Ta lalubo ƙafarsa, ta shafa gwiwar dama, ta shafa ta hagu. Shadda ce sumul, ruwan sama kawai ya jiƙa ta. Ta janye hannunta ta goge a zaninta. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ni ta kira, ta ce, "Babba, kana nan?"

Na ce, "Ga ni, Inna."

Na durƙusa a gabanta. Ta shafa gwiwoyina, taɓon ya biyo yatsunta, ta murza shi tana jinjina kai. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "To kai zan tambaya. Ta kwanta daidai?"

Na ce, "Ta kwanta daidai, Inna."

Ta ce, "Ba ta ba ka wahala ba?"

Na ce, "Ko kaɗan. Ba ta da nauyi, Inna. Ko yaro zai iya ɗaukarta."

A bayana na ji ɗan Goggo ya fashe da kuka. Babu wadda ta ce masa ya yi haƙuri.